Babi na Shida: Karen Masuntan Newfoundland

A gabashin Kanada akwai wani babban tsibiri mai suna Newfoundland, wanda ya kutsa can cikin Tekun Atilantika. Duwatsu ne da hazo da iska mai kaɗawa dare da rana. Ƙasar noman kirki kaɗan ce, lokacin ɗumi kuma da ya shigo sai ya fara haramar tafiya. Ba don kifi ba, da wuya wani Bature ya kafa bukka a wurin. Amma kifin akwai shi, ba kuma kaɗan ba. Lokacin da John Cabot ya isa yankin da jirgin Ingila a 1497, labarin da ya koma Turai shi ne mutum na iya zura kwando a ruwa ya ɗebo kifi. Kafin ƙarni na 16 ya yi nisa, jiragen Fotugal da Faransa da Sifen da Ingila sun mai da wurin wajen cin-raninsu na kowace shekara. Kifin da suke nema shi ne kod, irin wanda ake busarwa a Norway a kawo kasuwannin Najeriya ana sayarwa da tsada. Su nasu gishiri suke barbaɗa masa, su shanya a kan rumfunan itace a bakin gaɓa, sannan su loda a jirgi zuwa Turai da tsibiran Karebiyan.

Ruwan wurin ba na wasa ba ne. Wata igiyar ruwa mai tsananin sanyi ce ke gangarowa daga arewa, ta bi gaɓar Labrador, tana tafe da manyan duwatsun ƙanƙara. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su sandare har ya kasa riƙe igiyar da aka jefa masa. Da yawa daga cikin masuntan ma ba su iya iyo ba, don ba wurin da za su koya. To ga kuma abubuwan da ke faruwa kullum a sana'ar: kifi ya suɓuce daga ƙugiya dab da bakin kwale-kwale, bakin igiyar taru ya faɗa ruwa, ko jirgi ya matso gaɓa raƙuman ruwa su hana shi isa, ana neman mai kai igiya tudu a jawo shi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya kai mutum ya sayar da ransa a kai, amma in an bar su an yi asara. Kare ne ya ɗauke wa masunta wannan nauyi.

Masu son karen sun daɗe suna nema masa asali mai ƙayatarwa. Wasu sun ce mayaƙan ruwa na Arewacin Turai ne suka bar kakanninsa a tsibirin, tun da an tabbatar sun zauna a L'Anse aux Meadows wajen shekara ta 1000. Zaman nasu gaskiya ne, an tono kufansu, amma babu hujjar cewa karnukansu sun wanzu a wurin har ɗaruruwan shekaru bayan tafiyarsu. Binciken ƙwayoyin halitta ya sanya karen Newfoundland cikin dangin karnukan Turai masu ɗauko wa maharbi abin da ya harbo, kusa da karen Labrador. Abin da hankali ya fi kwanciya da shi ke nan: masunta daga Ingila da Ailan da Fotugal da sauransu sun zo da karnukan jiragensu, karnukan suka gauraya a ƙauyukan bakin teku, sanyi da yunwa da aiki suka yi musu tankaɗe. Wanda bai iya ruwa ba babu mai ciyar da shi, balle ya bar zuriya.

Daga wannan gauraya aka sami iri biyu. Akwai ƙarami, baƙi, mai gajeren gashi da farin tabo a ƙirji, wanda ake kira karen St. John's da sunan babban birnin tsibirin. Shi ne ke shiga kwale-kwale, domin ba ya cin wuri, kuma in ya fito daga ruwa ya girgije, ƙanƙara ba ta maƙale masa a jiki. Akwai kuma babba, mai dogon gashi da ƙaton kai, wanda ya fi yin aikin ja a tudu da bakin gaɓa. Wannan babban shi ya gaji sunan tsibirin. A 1790 mai zanen dabbobi Thomas Bewick ya riga ya sanya hotonsa cikin littafinsa na dabbobi masu ƙafa huɗu.

Namijin Newfoundland na yau yakan kai tsayin santimita 71 a kafaɗa da nauyin kilo 60 zuwa 70, wato nauyin babban mutum. Macen takan tsaya a santimita 66 da kilo 45 zuwa 55. Yawancinsu baƙaƙe ne, akwai masu ruwan ƙasa, akwai kuma masu fari da baƙi. Amma girman ba shi ne abin kallo ba, domin akwai karnukan da suka fi shi tsayi. Abin kallo shi ne yadda kowace gaɓa ta jikinsa ke da aikinta a ruwa. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne, kuma fata ta haɗe yatsun kamar na agwagwa. Gashinsa hawa biyu ne: na ciki laushi ne, cunkus, yana tsare ɗumin jiki, na waje kaushi ne, mai maiƙo, ruwa na zamewa a kansa. Mutum na iya tura yatsunsa cikin gashin karen da ya fito daga teku ya tarar da sauran bushewa kusa da fata. Wutsiyar mai kauri ce tun daga gindi, da ita yake karkata akalarsa. Ƙirjin mai zurfi ne, yana ba huhu wuri.

Iyonsa ma ya bambanta. Yawancin karnuka in sun shiga ruwa gudu suke yi a ciki, suna fantsama da ƙafafun gaba, kai a sama, alamar so suke su fita. Shi kuwa yakan kwanta a ruwan, ya tura ƙafafunsa ƙasa da gefe, a hankali amma da ƙarfi. Ba gwanin sauri ba ne, Labrador zai wuce shi. Gwanintarsa ja ce da jimiri: ya kama igiya a baki ya jawo kwale-kwale da mutane a ciki, raƙuman ruwa na bugun fuskarsa bai saki ba.

In hunturu ya shigo aka dakatar da kamun kifi, karen ba ya hutawa. Sai a ɗaura masa ragama ya ja itacen girki daga daji a kan keken katako mai sulɓi a dusar ƙanƙara. Talakan tsibirin ba shi da halin ciyar da doki, amma kare zai rayu a kan kawunan kifi da kayan ciki. A wasu yankunan har jakar wasiƙu karnuka ke ja tsakanin ƙauyuka. Matafiyan da suka ziyarci St. John's a ƙarni na 19 sun rubuta yadda ake azabtar da su da kaya, a kuma sake su su nemi abincinsu in aiki ya ƙare. Rayuwar dabbar aiki ce a hannun mutanen da su kansu da ƙyar suke ci.

Sunan da ya yi a duniya dai na ceton mutane ne daga nutsewa, kuma akan ba da labarin kamar karen ya san darajar ran ɗan Adam ne. Ni a ganina bayanin ya fi haka sauƙi, kuma sauƙin bai rage masa komai ba. Shekaru ɗaruruwa ana zaɓar karen da in ya ga abu na yawo a ruwa ba zai iya haƙuri ba sai ya je ya ɗauko shi ya kawo tudu, ba tare da ya tauna ba. Ko kifi ne, ko filafili, ko bakin igiya, ko hannun rigar yaro, a wurinsa aiki ɗaya ne. Masu irin karen a yau sun san haka sarai, domin yakan je ya “ceto” mai wanka da ke cikin nishaɗinsa, ya kama shi ya nufi gaɓa da shi ko yana so ko ba ya so.

Labarin da ya fi nuna yadda aikin yake a zahiri shi ne na watan Yulin 1828. Wani jirgi mai suna Despatch ya taso daga Derry a Ailan da 'yan ci-rani wajen 200, zai kai su Quebec, sai ya daki dutse kusa da ƙauyen Isle aux Morts a kudu maso yammacin tsibirin. Waɗanda suka tsira suka taru a kan wani dutse a tsakiyar ruwa. Wani masunci mai suna George Harvey ya ga tarkace na yawo, ya fita da ƙaramin kwale-kwalensa tare da 'yarsa Ann mai shekara 17, da ƙanenta Tom mai shekara 12, da karensu Hairy Man. Raƙuman ruwa suka hana su matsawa kusa da dutsen. Dabarar da suka yi ita ce: aka jefa guntun itace, mutanen kan dutsen suka ɗaura masa igiya, George ya tura karen ya shiga ruwan ya ɗauko. Da igiyar ta haɗa dutse da kwale-kwale sai aka riƙa jawo mutane ɗaya bayan ɗaya. Kwana uku ana wannan aiki, aka fitar da mutum sama da 160. Iyalin Harvey suka ciyar da su da ɗan abin da suka tanada har ya ƙare, kafin jirgin sojan ruwan Ingila ya zo ya kwashe su. Masu inshorar jiragen ruwa na Lloyd's da ke Landan sun ba George fam 100, aka kuma ba shi lambar yabo, wadda ya miƙa wa Ann. A 1987 hukumar tsaron gaɓar Kanada ta sa wa ɗaya daga cikin jiragenta sunan yarinyar.

A lura da rabon aikin. Karen bai goyo mutum 160 ya kai su tudu ba, igiya ya ɗauko. Amma igiyar ce abin da babu mutum ko ɗaya a wurin da zai iya ɗaukowa ya rayu.

Jaridu ba su cika gamsuwa da irin wannan ba, sai sun ƙara gishiri. Bayan nutsewar Titanic a 1912 an buga labarin wani kare Rigel da wai ya yi sa'o'i yana iyo cikin ruwan ƙanƙara, haushinsa ya ja hankalin jirgin ceto. Babu shaidar an taɓa yin karen. A Disambar 1919 jirgin Ethie ya kafe a gaɓar yammacin Newfoundland, aka fitar da dukan mutum 92 da ke ciki ta kan igiya, har da jaririyar da aka saka cikin jakar wasiƙu. Wannan ya faru. Amma jarumin karen da jaridun Amurka suka ce shi ya kai igiyar tudu, masu binciken da suka bi sawun labarin daga baya sun gano an zuzuta rawar da ya taka ƙwarai. Haka zancen cewa irin karen ne ya tsamo Napoleon daga teku lokacin da ya tsere daga tsibirin Elba a 1815, ya fi kama da tatsuniya.

Ƙishirwar irin waɗannan labarai daga Ingila ta taso. Jiragen kifi da ke dawowa tashar Poole suna zuwa da karnukan, masu hali suka fara saye. Ƙaton kare mai sanyin hali, wanda yara za su hau su ja kunnensa bai yi gurnani ba, ya dace da abin da attajiran lokacin ke son gani a farfajiyarsu. Mawaƙi Lord Byron yana da ɗaya mai suna Boatswain. Da ciwon haukan kare ya kama shi a 1808, Byron da kansa ya yi jinyarsa, ya kuma gina masa kabari na alfarma a gidansa na Newstead Abbey, har ya bar wasiyya a binne shi kusa da karen, abin da ba a cika ba. A shekarun 1830 mai zane Edwin Landseer ya zana wani mai fari da baƙi kwance a bakin tashar jiragen ruwa. Zanen ya yi farin jini har aka koma kiran masu wannan launi da sunan mai zanen. Nana, karyar da ke renon yara a wasan kwaikwayon Peter Pan na 1904, ita ma Newfoundland ce. Masu kiwon karnuka suka riƙa ɗibar jininsa suna gyara nasu: an zuba shi cikin St. Bernard na tsaunukan Suwizalan, an haɗa shi wajen samar da Leonberger a Jamus, kuma 'yan kwikwiyo biyu, Sailor da Canton, da aka ceto daga wani jirgin Ingila kusa da Maryland a 1807, su ne tushen karen farautar agwagin ruwa na Chesapeake.

A Amurka wanda aka fi sani shi ne Seaman, da Meriwether Lewis ya saya dala 20 kafin tafiyar da shi da William Clark suka jagoranta daga 1804 zuwa 1806, ta ƙetare nahiyar har Tekun Fasifik. Littafin tafiyar Lewis ya nuna karen na aikinsa na gado: yana faɗawa Kogin Ohio ya kamo kuregun da ke iyo suna ƙetarewa, a soya. A Mayun 1805 wata dabbar ruwa mai kaifin haƙori ta cije shi a ƙafar baya har ta tsinka jijiyar jini, ya sha da ƙyar. Kwanaki kaɗan bayan haka wani ɓauna ya kutso sansaninsu da dare, haushin karen ya karkatar da shi daga inda mutane ke kwance. Ayarin sun ci naman karnuka da yawa da suka saya a hanya lokacin da abinci ya yanke, amma ba wanda ya taɓa Seaman. Na kusa da zamaninmu kuma shi ne Gander, karen wata rundunar sojan Kanada da aka tura Hong Kong. A Disambar 1941, ana gwabzawa da sojojin Japan, aka jefo gurneti kusa da wasu da suka ji rauni, karen ya ɗauke shi a baki ya ruga da shi, ya fashe da shi. A shekara ta 2000 aka ba shi lambar Dickin, wadda wata ƙungiya a Birtaniya ke ba dabbobin da suka yi bajinta a yaƙi. Ko a nan, ɗauko abin da aka jefa ne ya yi.

Yayin da ake zana shi ana yi masa waƙa a Turai, a gida ƙoƙarin rage shi ake yi. Hukumomin tsibirin na son mutane su kiwata tumaki, karnukan da aka saki da yunwa kuwa suna cinye su. Tun 1780 Gwamna Richard Edwards ya taƙaita kowane gida ga kare ɗaya. A 1885 aka yi dokar kare tumaki da ta ɗora wa masu karnuka haraji, na karya ya fi na namiji, don haka 'yan kwikwiyo mata ba a cika barinsu su girma ba. Wajen ƙarshen ƙarnin Ingila ta kafa dokar killace duk karen da aka shigo da shi saboda ciwon hauka, cinikin ya mutu. Abin dariya, a 1887 gidan wayar Newfoundland ya buga kan sarki mai ɗauke da kan karen.

Babban ya tsira domin yana da masu gata. An kafa ƙungiyar masu kiwonsa a Ingila a 1886, a St. John's kuma Harold Macpherson ya riƙe irin a gidan kiwonsa na Westerland lokacin da ya kusa ƙarewa a tsibirin. Ƙaramin, wanda shi ne ainihin abokin masunci a cikin kwale-kwale, bai sami mai tsaya masa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wajen 1980 marubuci Richard Wolters ya je ƙauyen Grand Bruit ya ɗauki hoton biyu da suka rage, dukansu maza, dukansu tsofaffi. Sai dai jininsa bai ɓata ba. Waɗanda masu sarautar Malmesbury da Buccleuch suka shigo da su Birtaniya don farautar tsuntsaye su ne suka zama Labrador, wanda ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta amince da shi a 1903, kuma ya yi shekara 31 a jere yana kan gaba a yawan rajista a Amurka kafin a ture shi a 2022. Sana'ar da ta haifi duka biyun ita ma ta durƙushe: a Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun kod a yankin bayan manyan jirage sun kusa share shi, mutum wajen 30,000 suka rasa abin yi.

Gatan da babban ya samu ya zo da farashinsa. Ƙarancin abinci a yaƙe-yaƙen duniya biyu ya rage yawansa ƙwarai a Turai, kuma yawancin masu takardar asali a yau suna komawa ne ga wani zakaran gasa guda na Ingila mai suna Siki, na shekarun 1920. Alƙalan gasar kyau sun fi son ƙaton kai da tulin gashi da nauyi, masu kiwo suka bi abin da ke kawo kofi. Karen yau ya fi na tsofaffin zane-zane jiki, leɓunansa sun fi saukowa, yana dalalar da miyau. Shekara 8 zuwa 10 yake yi a duniya. Likitocin dabbobi sun san shi da gurɗewar ƙugu da gwiwar gaba, da wata ƙuntatar hanyar jini a ƙasan bakin babbar jijiyar zuciya wadda kan kashe matashin kare farat ɗaya, da tsakuwar mafitsara ta gado, da murɗewar ciki. Masu kiwo na ƙwarai sukan kai 'yan kwikwiyo a saurari zuciyarsu kafin su sayar. Zafi kuwa abokin gabarsa ne. Yanzu da sayen karnukan waje ya zama abin ado a manyan biranenmu, ya kamata a faɗa a fili: ajiye wannan dabba a Kano ko Damagaram cikin watan Afrilu zalunci ne, ko da kuɗin mutum sun kai.

Inda aikinsa na asali ya fi rayuwa a yau, abin mamaki, Italiya ce. A 1989 Ferruccio Pilenga ya kafa makarantar horar da karnukan ceto a ruwa, ya fara da karyarsa Mas, 'yar Newfoundland. Karnukan makarantar, da suka haɗa da Labrador da wasu irin, suna gadin wuraren wanka a bakin teku da tafkuna lokacin zafi, suna aiki da dakarun tsaron gaɓa, wasu har an koya musu dirowa ruwa daga jirgi mai saukar ungulu. Ana sanya wa kowanne riga mai hana nutsewa, mai maɗauki a gadon baya. Ba a tura karen shi kaɗai. Mai nutsewa a firgice yake, yakan danne duk abin da ya kama, don haka mutum ne ke fara isa gare shi, ya kwantar masa da hankali, ya tallafe kansa sama da ruwa. Abin da ke kashe mai ceto galibi dawowa ce, lokacin da ƙarfinsa ya ƙare ga kuma nauyin wani a hannunsa. A nan sai ya kama maɗaukin rigar da hannu ɗaya, karen ya juya ya ja su duka biyun zuwa gaɓa, shi kuma ya sami sararin duba numfashin wanda ya tsamo tun suna cikin ruwan.